Haɗin Kai da Riƙon Jama'a a Gida da Gari



Tun daga ranar 1 ga watan Oktoba, 1960, da Nijeriya ta sami mulkin kai, babu maganar da aka fi yawan yi a ƙasar nan kamar maganar haɗin kai. An rubuta ta a jikin tambarin ƙasa, an koya wa 'yan makaranta ita, kuma da wuya a tashi wani taro ba a ambace ta ba. Yawan maimaitawa har ya sa waɗansu sun daina jin nauyinta. Akan kawo misali da tsintsiya, a ce tsinke ɗaya ba ya shara, kuma gaskiya ne. Amma akwai abin da masu kawo misalin sukan manta, watau maɗaurin. In maɗauri ya ruɓe, kome yawan tsinkayen watsewa za su yi. Maɗaurin jama'a kuwa shugabansu ne, daga mai gida har zuwa mai gari, kuma abin da wannan jawabi zai duba shi ne irin abin da yakan sa mutane su yarda wani ya ɗaure su wuri guda.

Wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne gandu, domin a nan ne Bahaushe ya fara koyon shugabanci da biyayya. Gandu, kamar yadda dattawa suka sani, shi ne uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, su haɗu suna noma gona ɗaya, suna zuba amfani a rumbu ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya. Wani lokaci kuma bayan rasuwar uba babban wa yakan ci gaba da riƙe ƙannensa a kan wannan tsari. Da damina samari sukan fita da sassafe su yi aikin gonar gandu har azahar. Abin da ya rage na yini, da kuma ranar da aka ware musu a cikin mako, nasu ne, sai su tafi gayauna, watau 'yar gonar da mai gida ya yanka wa kowannensu, kuma abin da mutum ya samu a can ba mai tambayarsa.

Wanda ya hango wannan daga nesa zai ce ai mai gida ya more, ga ƙarti suna yi masa noma ba lada. Amma a dubi abin da ke kansa. Shi zai kawo iri, shi zai nemo taki, shi zai biya maƙeri kuɗin fartanya da garma. Shi zai ciyar da gidan duka muddin ana aikin gona, saboda haka ne ma a wurare da yawa akan rufe rumbun gandu bayan kaka, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, don kada marka ta zo ta tarar da gida ba tsaba. A zamanin da ake biyan haraji, shi yake biya wa kowane baligi na gidansa. In yaro ya isa aure, shi zai nema masa, ya biya sadaki, ya gina masa ɗaki. In an haihu, ragon suna a wuyansa yake. Ashe ke nan gandu yarjejeniya ce mai hakki ta fuska biyu, ko da yake ba a taɓa rubuta ta a takarda ba. Yaro ya ba da ƙarfinsa, uba ya ba da sutura da rufin asiri.

Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarar 1967 tana binciken zaman manoma, ta kuma buga sakamakon aikinta a 1972. Daga cikin abin da ta lura da shi akwai cewa ɗa mai aure ba dole ake yi masa ya zauna a gandu ba, yana iya fita in ya ga dama, kuma gandun da ya fi daɗewa shi ne na uban da yake iya sauke nauyin da ke kansa. Ta kuma lura gandun wa da ƙane ba ya cika jimawa bayan rasuwar uba. Duk wani dattijo na karkara zai iya faɗin dalili ba tare da ya buɗe littafi ba. Ƙane yakan jure wa uba abin da ba zai jure wa wansa ba, kuma ran da ya ga wan ya sayar da hatsin gandu ya ƙara aure alhali ɗakin ƙanen yana yoyo, ran nan gandu ya mutu, ko da an ƙara shekara ana noma tare.

Harshen Hausa da kansa ya ajiye wani darasi a nan wanda ya kamata kowane magidanci ya yi tunani a kansa. Kalmar da ake kiran zumu da ita, har ma a kira kowane mutumin kirki da ita, ita ce ɗan'uwa. Kalmar da ake kiran abokin gaba na cikin gida da ita kuwa ita ce ɗan'uba, har aka sami 'yan'ubanci. Uba ɗaya ne ya haife su duka, to, me ya raba su? Sau da yawa bambancin da uban ya nuna ne. Ya ɗinka wa 'ya'yan mowa kayan Salla ya bar na bora da tsumma, ya sa wannan a makaranta ya tura wancan kiwo, ya saurari ƙarar ɗaki ɗaya ya yanke hukunci tun bai ji ta ɗaya ɗakin ba. Yara suna gani, kuma ba sa mantawa. Shari'o'in gado da yawa da suke cin shekaru a gaban alƙalai, in aka bi asalinsu, za a tarar tun a bakin akushi suka faro. A nan ne kuma uwargida ta gari take da babban matsayi wanda ba a cika yaba mata ba. Ita ce takan ja amarya a jiki ta nuna mata al'adar gidan, ta raba tuwo ba ta duba ɗan wane ne ba, ta kashe ƙaramar wuta tun mai gida bai ji ƙaurinta ba. Gidan da ya sami irin wannan mace, rabin aikin shugabancinsa an gama.

Zamani ya juya, kuma ba za a ce da kowa ya koma gandu ba. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, samari sun tafi birane neman aikin albashi da sana'a, haraji ma an soke shi a jihohin Kano da Kaduna tun 1979. Sai dai nauyin da ke kan uba bai tafi tare da gandu ba, kama kawai ya sake. A maimakon fartanya da garma, yanzu makaranta ce da asibiti da allurar rigakafi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, na firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin kai shi. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, jama'a sun ga yadda gwamnatocin jihohin arewa suka riƙa ɗibar almajirai a manyan motoci suna mayar da su jihohinsu na asali. Neman ilmin addini abu ne mai daraja, ba mai musun haka. Amma uban da ya kai yaro ɗan shekara bakwai gari mai nisa, ya miƙa wa malam ba guzuri ba tufafi, ya shekara bai leƙa ba, lalle ne ya tambayi kansa da wane ido zai nemi biyayyar wannan yaro ran da tsufa ya zo masa.

Daga gida sai unguwa. Gayya da aikin gayya, da adashin mata, da gudummawar biki da ta mutuwa, duka hanyoyi ne da jama'a suka ƙago wa kansu tun kafin a san wani abu wai shi banki ko inshora, kuma kowannensu yana tsayawa ne a kan mutum guda da aka amince da shi. Uwar adashi in ta ci kuɗin zubi sau ɗaya, ba ta ƙara tara mata. Haka mai unguwa da dagaci. Gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya ɗauke yawancin ikon mulki daga hannun sarakuna ya mayar ga majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda yanzu suka kai 774. Duk da haka, in rigimar iyakar gona ta tashi, ko aure ya rikice, ko baƙo ya sauka da dare, har yanzu ƙofar mai unguwa ake fara bugawa, in dai an san shi da gaskiya. Tun a ƙarni na 19 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje wasiƙar nan da aka sani da Usulus Siyasa, inda ya sa kula da manoma da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi a cikin ayyukan da suke wajibi a kan mai mulki. Hausawa kuma suka taƙaita abin da cewa babba juji ne.

To, amma misalin da ya fi dacewa da masu sauraro da suke zaune nesa da garuruwan iyayensu, a Ikko da Shagamu da Anaca da Fatakwal da sauransu, shi ne na masu gidajen baƙi a Sabon Badun, watau unguwar Hausawa ta Ibadan wadda aka kafa a 1916. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, ciniki tsakanin arewa da kurmi ya bunƙasa ƙwarai. Shanu suna gangarowa kudu, goro yana haurawa arewa. Amma cinikin shanu a kurmi yana da wata matsala babba. Saniyar arewa ba ta daɗewa a can, saboda ƙudan tsando yakan sa mata ciwon sammore ta rame ta mutu, saboda haka wanda ya kawo garke ba shi da halin jira, ba shi kuma da halin komawa da shi. Mahautan gari kuwa, waɗanda Yarbawa ne, yawancinsu ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar. Ga baƙo da dukiya mai yawa, bai san kowa ba, ba ya jin harshen garin, kuma tilas ya ba da bashi ga mutumin da bai taɓa gani ba. Yaya za a yi?

Mai gida ne ya warware wannan. Shi yake saukar da falke a gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci har ya gama abin da ya kawo shi. Dillalansa suna kasuwa kullum, sun san kowane mahauci, sun san wanda yake biya a kan lokaci da wanda bashi ya yi wa katutu, sun san iyakar abin da za a iya ba kowa. In an yi ciniki, yaran mai gida ne za su bi bashin, shi kuma ya ajiye kuɗin har mai shi ya tashi tafiya. Babban abin kuwa shi ne, in mahauci ya kāsa biya, mai gida ne zai biya daga aljihunsa, domin shi ya tsaya. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya bayyana yadda dukiya mai ɗimbin yawa take wucewa ta wannan hanya ba takardar yarjejeniya, ba banki, ba zuwa kotu. Jarin mai gida sunansa ne. Ran da aka ji a Kano ko Gusau cewa ya bar baƙonsa ya yi hasara, ran nan fatake za su sauya masauki.

Kuma riƙon nasa bai tsaya ga baƙi ba. Yaron da ya zo Sabo da 'yar jakarsa, mai gida ne zai ba shi wurin kwana, ya sa shi a aiki, in ya ga hankalinsa ya mai da shi dillali, ya yi masa aure, kamar dai yadda uba yake yi a gandu. In rigima ta fi ƙarfin masu gida sai a kai gaban Sarkin Hausawa, wanda shi ne kuma yake magana da sarakunan gari a madadin jama'arsa. Abin lura a nan shi ne ƙabilu biyu masu harshe dabam da al'ada dabam sun yi shekaru masu yawa suna cin moriyar juna, kuma abin da ya riƙe su shi ne akwai waɗansu mutane da suka yarda hasara ta faɗa kansu kafin ta faɗa kan wanda ya amince da su. Yau manyan motoci sun maye gurbin jirgin ƙasa a wannan ciniki, ana kuma aika kuɗi ta wayar hannu, amma har yanzu wanda ya kawo kaya kasuwar da ba ta garinsu ba yana bukatar wanda zai tsaya masa.

Irin wannan yarda ta taɓa kai wani mutumin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, wanda fataucin shanu ya kai shi gabas, ga zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma ƙuri'ar mutanen garin, waɗanda yawancinsu Ibo ne, ita ta ɗora shi. Ba a daɗe ba kuma ƙasar ta ga kishiyar haka. Juyin mulki biyu da kashe-kashen shekarar 1966 suka kai ga yaƙin basasa, wanda aka fara a watan Yuli na 1967 aka gama a watan Janairu na 1970, bayan hasarar rayuka masu yawan gaske, da yawansu yara ne da yunwa ta kashe. Da aka ajiye makamai, Shugaban Ƙasa na lokacin, Janar Yakubu Gowon, ya shelanta cewa ba wanda ya yi nasara kuma ba wanda aka ci da yaƙi, aka shiga aikin sasantawa da sāke gini. A garuruwa da dama na arewa, waɗanda suka gudu sun dawo sun tarar an kula musu da gidajensu, waɗansu har aka damƙa musu kuɗin hayar da aka tara. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda yake tura matasan da suka gama karatu mai zurfi su yi shekara guda a jihar da ba tasu ba, domin su san 'yan ƙasarsu ido da ido.

Gwamnati tana iya kafa doka da shiri, amma ba ta kwana a kowace unguwa. Rikicin Shagamu na watan Yuli, 1999, wanda ya jawo ramuwar gayya a Kano, da na kasuwar Shasha a Ibadan a watan Fabrairu, 2021, sun nuna yadda abu yakan faro daga mutane ƙalilan ya cinye dukiyar dubbai. A irin wannan hali sa'o'in farko su ne kome. In shugabannin ɓangarorin biyu sun saba da juna tun ana zaman lafiya, suna zuwa wa juna biki da ta'aziyya, to, ɗaya zai iya buga wa ɗaya waya da tsakar dare a tare abin. In kuwa ba su taɓa haɗuwa ba sai ran da wuta ta kama, jita-jita za ta riga su, balle yanzu da hoton ƙarya yake zagaya ƙasa ta WhatsApp da Facebook kafin a gama alwala. Zumunta a ƙafa take, kuma shugaban da yake son samarinsa su saurare shi ran da ransu ya ɓaci, sai ya zamana ya san sunayensu da sana'arsu da damuwarsu tun kafin ranar. Wanda ba a ganinsa sai lokacin karɓar kuɗin ƙungiya ko lokacin zaɓe, in ya ce a tsaya ba mai tsayawa.

Akwai wani abu da ya faru a Jihar Filato wanda ya kamata a riƙa ba yara labarinsa. Ranar 23 ga watan Yuni, 2018, 'yan bindiga suka auka wa waɗansu ƙauyuka a Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, suka kashe mutane da yawa. Jama'a, yawancinsu Kirista 'yan ƙabilar Birom, suka watse suna neman mafaka, waɗansu suka nufi ƙauyen Nghar Yelwa inda Musulmi suke zaune. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ne mai shekara 83 a lokacin. Ya shigar da mata cikin gidansa, ya shigar da maza cikin masallaci, sa'an nan ya fito waje shi da kansa ya tari maharan. Suka nemi ya fito musu da waɗanda ya ɓoye, ya ƙi. Ya yi ta roƙonsu, har ya nuna musu gara su kashe shi da su taɓa waɗanda suka shiga hannunsa. Daga ƙarshe suka juya suka tafi. Mutum 262 ne aka lasafta sun tsira ta dalilinsa, kuma waɗansunsu sun ci gaba da zama a wurinsa kwanaki bayan haka, ana ciyar da su. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo, Gwamnatin Tarayya ma ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 2022.

Liman ba shi da bindiga, ba shi da 'yan doka, ba shi da wata takarda da ta ba shi iko a kan kowa. Da manema labarai suka tambaye shi dalilin da ya sa ya sayar da ransa haka, daga cikin abin da ya ambata akwai cewa fiye da shekara 40 kafin wannan rana, lokacin da Musulmin wurin suke neman inda za su yi salla, Kiristocin yankin ne suka ba su filin da aka gina masallacin a kai, kyauta.